Jirgin da Ya Shekara Uku a Tudu

Yanzu idan na fito bakin ruwa da hantsi na shimfiɗa buzuna a gindin tsamiya, ƙarar inji ce take fara yi mini sallama. Wannan jirgi ya tashi, wancan ya mutu a tsakiyar ruwa mai shi yana ta fizgar igiya yana tsine wa makanike, 'yan kabukabu suna rigima a kan wa ya riga wa ganin fasinja, warin fetur ya danne ƙamshin banda. Ba ƙorafi nake yi ba, kada a ce tsoho ya fara. Injin nan shi ya kai uwar 'ya'yana asibitin Yelwa ranar da filafili ba zai kai ta da rai ba, kuma ban manta ba. Amma kunnen da ya tashi da wani sauti daban ba ya rabuwa da shi. A wannan gindin tsamiyar, a da, gizago ne yake tashin gari. Kafin mata su gama dakan safe za ka ji shi yana cin itace, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ba gaggawa ba tsayawa, daga nesa kuma masunta masu dawowa suna buga filafili a gefen jirgi don a san sun samo. Idan an buga sau biyu, a kawo kwando ɗaya. Idan aka yi ta bugawa ba ƙaƙƙautawa, giwan ruwa ce, kowa ya fito da wuƙarsa. Yau waya ake bugowa tun daga tsakiyar tafki, kafin jirgi ya iso dillali ya riga ya sayar da kifin.

Abin da ya tono mini wannan zance wani shiri ne da na ji a rediyo kwanan baya. Wasu masana ne suka zauna suna tattauna abin da ya sa ƙasar da ta taɓa kai mutane duniyar wata ta yi sanyi. Wai a can farko, lokacin da suke rige-rige da wata ƙasa, cikin 'yan shekaru suka ƙera abin hawa, suka je, suka dawo, suka sake komawa. Daga baya ilimi ya ƙaru, na'urori suka yi yawa, amma shekaru suka yi ta wucewa ana cewa baɗi, baɗi ta zo a ce baɗin baɗaɗa. Na kasa kunne sosai, domin labarin watan nan tare muka girma da shi. Ina ƙaramin yaro, ba a daɗe da ruwan dam ya ci tsohon garinmu aka dawo da mu tudu ba, aka zo da labari daga kasuwar Yelwa cewa wasu Turawa sun taka wata da ƙafarsu. Dattawa suka yi kwana uku suna musu. Inna, mahaifiyata, tana juya kifi a kan banda ta ce, "Su dai taka a hankali, da shi muka sanin azumi da salla." Kawuna kuwa, yayanta, abu ɗaya ya tambaya: "Da wane irin jirgi sunka tahi?" Da aka kasa ba shi amsa sai ya koma kan gizagonsa.

Masanan rediyo sun kawo dalilai. Ɗaya ya ce abin da ake ware wa aikin ne ya ragu. Wata ta ce tun da aka yi hatsari aka rasa rayuka, kowace ƙusa sai an duba ta sau goma. Wani ya ce duk shugaban da ya hau sai ya ture tsarin na gabansa ya zana nasa, kuma tsofaffin da suka yi aikin farko da hannunsu sun tafi da abin da suka sani. Ban ƙaryata ko ɗaya ba. Dariya ma na yi har jikata ta leƙo ta ga ko lafiya, domin duk abin nan da suka jero na gan shi da idona a nan gindin tsamiya, a kan gungumen maɗaci guda ɗaya, ni da ban taɓa shiga ko jirgin sama ba.

Kawu masassaƙin jirgi ne, kuma a hannunsa na tashi tun ina ɗan shekara tara. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maganarsa ta yini guda ba ta cika tafin hannu ba. Shekara biyu na yi ina kwashe ɓawon itace ina kai wa Inna ta hura banda kafin ya yarda na taɓa gatari. Bayan gatari sai babban gizago na rarake ciki, bayan shi ƙarami na gyaran baki. Duk wannan da ido da hannu ake koyonsa, kuma duk wanda ya jure zai iya. Aikin ƙarshe shi ne na kunne. Idan jirgi ya ɗauki siffa, masassaƙi zai bi jikinsa taƙi bayan taƙi yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa yana saurare, domin ba yadda za ka san kaurin itace a tsakiyar ciki sai ta muryarsa. Kawu ya ce murya uku ce. Ta farko irin ta tulu cike da ruwa, wannan jirgin kaya ne, zai yi shekara ashirin yana dakon albasa. Ta biyu irin ta ƙwarya a kife, wannan jirgin su ne. Ta uku ita ce ta jirgin tsere, ita kuma ba ya kwatanta ta da komai. "In ka ji ta ka san ta," in ji shi. "Sara guda bayanta, sai ka hangi rana ta cikin itace." Na iya ta farko, na iya ta biyu. Ta uku kuwa ba a jikin tsohon jirgi ake koyonta ba, sai a daidai lokacin da itace yake juyawa zuwa gare ta a ƙarƙashin gizago. Jirgin tsere ba kowace shekara ake sassaƙa shi ba, kuma na ƙarshen da aka yi ban kai a bar ni in matso kusa ba.

Tseren kuwa tsakaninmu ne da mutanen gungu, wato tsibirin da ke fuskantar garinmu, wanda idan gari ya yi haske kana hango rumbunansu. Tun kafin dam kakanninmu suke yi da nasu. Bayan girbi, ruwa ya cika, kowane gari zai fito da dogon jirginsa, matuƙa arba'in, makaɗi a tsakiya, a zagayo wani dutse da ya yi kai a ruwa a dawo. Ba rago, ba kofi. Abin da ake ci ya fi haka zafi. A bakin kasuwar Yelwa mashiga biyu ce a wancan zamani, ɗaya mai tsakuwa, ɗaya mai laka har gwiwa. Garin da ya ci, matansa ne za su riƙa sauke kaya a mai tsakuwa har shekara ta zagayo. Matan waɗanda aka kayar kuwa su tattare zane su shiga laka da kwandon kifi a ka, ana rangaɗa musu guɗa daga sama. Duk namijin da matarsa ko uwarsa ta dawo kasuwa da laka a ƙafa ya san irin maganar da zai haɗa da tuwo. Shi ya sa ba a taɓa roƙon kowa ya zo aikin jirgin tsere ba.

Shekarar da aka ba mu sabuwar jiha, mun sha laka sau biyu a jere. Masassaƙin gungu, wani dogon tsoho mai baki kamar reza, ya fitar da jirgin da ya bar namu a baya kamar an ɗaure shi. Shi da Kawu sun fi shekara talatin suna wannan ja-in-ja, in sun haɗu a kasuwa gaisuwarsu daga nesa ce, ba su taɓa sa hannu a ƙwarya ɗaya ba. Duk ranar kasuwa sai Inna ta ɗebo ruwa ta zauna a gaban yayanta ta wanke ƙafarta a hankali, yatsa bayan yatsa. Rannan ya ɗauki sandarsa ya nufi tuddan wajen Ngaski, ya yi kwana tara. A can wasu manoma Kambari suka nuna masa wani maɗaci a bakin rafi wanda mutum uku ba sa zagaye shi da hannu, suka ce shi ne na ƙarshe mai wannan girma, masu katako sun kwashe sauran. Sai da tsofaffinsu suka yi abin da suke yi na neman izini kafin a sa masa gatari. Mu sittin muka je, muka mirgina shi zuwa rafi, rafi ya kawo mana shi tafki, muka jawo shi nan ƙarƙashin tsamiya da igiya da waƙa.

Ban taɓa ganin aiki ya yi gudu irin na watannin nan uku ba. Wanda ya dawo daga su, maimakon ya kwanta sai ya karɓi gatari. Tsofaffin da ba su iya sara suka zauna a kan dutsen washi suna gyara mana bakin gatari. Inna ta zama sarauniyar fura, tana raba wa mata kwanaki, gidan da ya kawo mai ruwa-ruwa kuwa sai ya ji a jikinsa. Har leƙen asiri ake yi. Wani mai tallan goro zai haye gungu ya dawo ya ce su ma sun samo itace, tsawonsa kaza, sai Kawu ya ja tsaki ya ce a bar wa namu hanci ya ƙara taƙi ɗaya. Hannuna ya yi kanta a kan kanta, ina kwana ina jin ƙwas, ƙwas a cikin kaina, kuma wallahi ban taɓa jin daɗin rayuwa kamar lokacin ba. Kafin wata ukun ya cika jirgi ya fito, dogo, siriri, ko'ina ka ƙwanƙwasa muryar ƙwarya yake ba ka. Aikin kunne kaɗai ya rage, wanda bai wuce na mako biyu ba, kuma Kawu ya yi mini alkawari wannan karon a gefensa zan tsaya.

Sai labari ya zo ranar wata kasuwa. Sabuwar gwamnati ta zuba siminti a bakin ruwa, mashiga ɗaya mai faɗi wadda ta ishi kowa, laka ta tafi. A makon kuma samarin gungu suka sayar da albasarsu suka sayo inji, suka aiko mana da goro cewa bana ba su sami sukunin tsere ba, sai baɗi. Da farko murna muka yi, muka ce tsoro ne ya kama su. Washegari mutum ashirin suka zo aiki maimakon sittin. Bayan mako ɗaya muka koma mu shida. Ba wanda ya ce ya fasa, kowa da uzurinsa, kuma uzurin na gaskiya ne: wannan zai kai taki gona, wancan ya ji ana ɗaukar ma'aikata a Birnin Kebbi. Fura ta fara zuwa da ruwa-ruwa, Inna ta kau da kai, daga nan furar ta daina zuwa. Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Mu namu sa gudun ya zo, ya koma gida ya sayi inji.

Baɗin da aka ce ta zo ta wuce. A shekara ta biyu wani jirgi ya kife da 'yan biki a hanyar Ngaski, aka rasa mutane, Sarkin Ruwa ya ce kada ya sake jin zancen zuba samari arba'in a ɓawon gyaɗa. Ban ga laifinsa ba, shi ya je ya tsamo gawarwakin. Da Allah ya yi masa rasuwa, wanda ya gaje shi ya ce a ɗora wa jirgin katako a gefe ya zama na kaya. Wasu suka ce a'a, a datse gindinsa a ɗaura inji. Kowane zama sai an ci goro an tashi da sabon tsari, gungume yana kwance yana jinmu. Ni kuwa aikina safe da yamma in yi masa yayyafi in lulluɓe shi da ciyawa don kada rana ta tsaga shi, in zagaye shi da toka saboda gara. Kaji suka yi ƙwai a cikinsa. Baƙi in sun tambayi hanya sai a ce musu su bi ta wajen jirgin tudu.

Shi ya sa da na ji zancen masu zuwa wata ban zarge su da lalaci ba. Mu ma ba malalata ba ne a shekarun nan uku. A lokacin ne aka fi noma albasa a garinmu, a lokacin aka yi wa masallaci rufin kwano, mata suka huta da laka. Ƙarfin bai mutu ba, watsuwa ya yi ya shiga wurare masu amfani. Na ji an ce su ma can taurarin da suke harbawa su ne ke faɗin ranar da ruwan sama zai sauka, su ne ke sa wayar jikata ta yi magana, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai aikin da zuciya ta ɗauko da zafi, idan zafin ya huce, ko da saura sara goma ne sai ya fi dubun farko nauyi.

Ni abin da ya hana ni sukuni ba tsere ba ne. Na yi aure, ina da 'ya'ya biyu, ina sassaƙa ƙananan jiragen su ina toshe na katako, ba abin da na rasa. Muryar nan ta uku ce ta tsaya mini a rai. Babu wani maɗaci kamar wannan, Kawu kuma kullum ƙara tsufa yake yi. In ba a jikin wannan itacen na ji ta ba, har abada ba zan ji ta ba, zan mutu rabin masassaƙi. In na ce, "Kawu, yaushe?" sai ya ce sai ruwa ya ja. Ruwa ya ja, sai ya ce sai ya cika. Wani lokaci ma in yi ta magana a bayansa ya yi banza da ni kamar da dutse nake yi. Na ɗauka raini ne, ko rowa irin ta tsofaffin masu sana'a. Ana nan sai wata safiya na ɗaga ciyawa na ga tsaga a hancin jirgin, ba ta fi tsawon yatsa ba. Na san in aka ƙara rani ɗaya za ta bi shi har gindi.

Ranar Juma'a ce, an sauko daga masallaci, dattawa suna zaune a nan inda nake zama yanzu. Na tsaya a bayan Kawu na gaya masa zancen tsagar, bai ko juyo ba. Zuciya ta ɗebe ni. Na zagayo gabansa na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Kawu, in tsoron na gungu kaka ji, ka hwaɗi, in ɗauki gizago in ƙarasa da kaina. In kuwa rowar sani ta, kabari ba shi buƙatar jirgi." Bakina yake kallo, ba idona ba. Da na gama sai ya tashi ya kaɗe rigarsa ya nufi gida.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. A zaure Inna ta tare ni, muciya a hannu, ni da nake uban 'ya'ya biyu.

"Kai ɗai na ba ka sani ba duk garin ga?" in ji ta. "Shekara nawa yayana shina juyo maka kunnen hagu? Yaushe rabon da ka ji ya amsa sallama daga baya? Ladan na kiran salla bisa kainai, sai ya ga mutane sun tashi shi tashi. Kai da ka ce aikin kunne kaka son koyo, ko kunnen mai koya maka ba ka lura da shi ba. Tahi ka ba ni wuri."

Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau in na tuna sai na runtse ido. Kowa ya sani, kowa ya rufa masa asiri, sai ni da nake yini a gefensa.

Da safe na same shi a wajen jirgin, ya yaye ciyawar ya ɗora tafinsa a kan tsagar. Na durƙusa. Ya bar ni a durƙushe har gwiwata ta yi tsami kafin ya ce, "Tashi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ya ce tun muna rarake ciki kunnen yake guduwa, da ƙyar ya kai jirgin ga muryar ƙwarya. Ranar da ya zo wucewa gaba, ya ƙwanƙwasa ya ji shiru. "Da na gungu sunka aiko da goro, wallahi daɗi na ji, na ce Allah ya ruhe man asiri. In na sara da ka, in huda itacen da ba shi da na biyu. In na hwaɗi, a ce gizagon garin ga ya mutu." Ya shafa itacen. Can ya ce, "Mutum biyu ɗai sunka san muryar ga duk ruwan ga. Kunnen guda ya tahi. Ɗauko filafili."

Muka haye gungu, muka sami tsohon masassaƙinsu a inuwa yana ɗinkin koma, ga jirgin injin 'ya'yansa a ɗaure, wanda ba sa barinsa ya taɓa. Da ya gane mu sai ya washe baki.

"A'a! Mai gizago da kainai! Lahiya? In laka kaka nema ta ƙare, gwamnati ta shanye."

Kawu ya dube ni. Dole na sa baki a kunnensa na hagu na maimaita masa gorin da ƙarfi, kalma bayan kalma, mutanen gungu suna ta dariya. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Ce mai na zo aron kunne."

Dariyar tsohon ta ɗauke. Ya dubi Kawu, ya dubi yadda nake tsaye a hagunsa, ya ajiye komar. Ya kore mutanen da suka taru, ya ja mu bayan gidansa. A can ga wani dogon itace a kwance, an sassaƙa shi rabi, ya tsage tun daga hanci har gindi, kabewa ta yaɗu a kansa.

"Nawa ke nan," in ji shi. "Shekara ukku ina jiran in ji kun sauke naku, in sami abin yi ma yaran ga gori su tashi. Ashe ku ma ni kuka jira. Naku bai tsage ba?"

Na ce, "Yatsa guda, Baba, ga hanci."

"Wa ad da haƙurin yi mai yayyahi shekara ukku?"

Na gaya wa Kawu tambayar. Ya nuna ni da haɓa. Iyakar yabon da na taɓa samu daga gare shi ke nan, kuma ya ishe ni.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Kullum da safe 'ya'yansa su kawo tsohon a jirgin inji, ya sauko yana toshe kunne yana zagin ƙarar. Shi zai ƙwanƙwasa, ya sa ni in ƙwanƙwasa a wurin, ya zana da gawayi, Kawu ya bi da ƙaramin gizago yana ɗauke itace kamar mai fere rogo. Faɗa kuwa ba su fasa ba, ni ne ɗan aike. Tsoho ya ce in gaya wa Kawu saransa na masu faskare ne, ni kuma in ce, "Ya ce a rage ƙarfi." Kawu ya ce, "Ƙarya kaka yi, na ga bakinai." Inna ta dawo da fura da kanta, mai kauri, a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu, ta ajiye a tsakaninsu ta juya abinta. Sun daɗe suna kallon ƙwaryar kafin yunwa ta raba gardama.

A rana ta huɗu na ji ta. Tsohon ya kama yatsana ya buga a wani wuri kusa da ciki, ya ce, "Ka ji?" Na ce na ji. Ya ce, "Ba ka ji komi ba, sake." Na sake, na sake, sai ga ta. Ni ma yau ba zan iya kwatanta ta ba, abin da na sani kawai itacen ya daina amsawa daga wuri ɗaya, duk jikinsa ne ya amsa. Bayan kwana biyu Kawu ya ɗaga gizago zai ƙara sara a wani wuri, sai na ga hannuna ya riƙe nasa tun tsohon bai buɗe baki ba. Tsohon ya ƙwanƙwasa wurin, ya saurara, ya tofar da goro ya ce, "Tau, an gama da ni." Daga ranar a inuwa ya zauna yana ba da labarin tseren da ya ci, na waɗanda ya faɗi kuwa bai tuna ko ɗaya ba.

Ban sake sassaƙa jirgin tsere ba. Ba wanda ya nema, babu ma itacen. Muryar tana nan a kunnena, ban sami wanda zan ba ba, kuma na daina jin ciwon haka. Na samu abin da na nema, na ci abinci da sana'ata, na aurar da 'ya'yana. Kawu da tsohon gungu duk sun riga mu gidan gaskiya, damina ɗaya tsakaninsu, Allah ya jiƙansu.

Ranar da muka sauke jirgin a ruwa, sabon Sarkin Ruwa ya ce sau ɗaya tak, kuma sai wanda ya iya iyo. Matuƙa arba'in ba su samu ba. Da namu da na gungu muka haɗa ashirin da shida, wasu sun yi tumbi, wasu sun manta yadda ake haɗa hannu. Tsohon gungu ya zauna a gindi yana riƙe da akala, Kawu a tsakiya kusa da makaɗi, ni a hagunsa. Mata suka cika bakin ruwa, na garin biyu a haɗe. Da ganga ta tashi filafilai suka faɗa ruwa tare, sai na ji jirgin ya zame daga ƙarƙashina. Ban taɓa sanin itace zai iya irin wannan gudu ba. Muka wuce wani jirgin inji mai dakon albasa, masu shi suka miƙe tsaye suna ihu. Muka zagayo dutsen, ruwa yana feshi a fuskarmu, tsofaffi suna kuwwa kamar yara.

A hanyar dawowa wani daga gaba ya waiwaya, kamar yadda aka saba a daidai wurin don a ga inda abokan tsere suke. Na kusa da shi ma ya waiwaya. Ganga ta fara sassautawa, ɗaya bayan ɗaya filafilai suka hau kan gwiwa, jirgin ya ci gaba da zamewa shi kaɗai har ya tsaya cak a tsakiyar tafki. Kawu ya damƙi rigata, fuskarsa a firgice.

"Mi ya hwaru? Ya tsage?"

Na sa baki a kunnensa na ce, "Lahiya lau, Kawu. Ba kowa bayanmu."

Ya juya ya daɗe yana kallon ruwan, fili fetal har gungu. Ya dubi tsohon da ke gindin jirgi, shi ma shi yake kallo. Sai Kawu ya saki rigata, ya gyara zama, ya tsoma hannunsa a ruwa.

"Tau," in ji shi. "Ku kai mu gida a hankali."